Ina Za A Haɗa Muryoyi A Ɗakin VR: Cikin Gilashin Kowa Ko A Kan Saba?

Ranar da muka fara gwada ɗakin karatunmu na VR, wato ɗakin da kwamfuta ke zanawa ka ji kamar kana cikinsa, mu tara ne, kowa yana gidansa sanye da gilashi, na'urar da ake ɗaurawa a ido don shiga ɗakin. Mun yi makonni muna gyara hoto: bango, allo, kujeru, har da taga mai shigo da hasken rana. Sauti kuwa muka bar shi yadda ya zo, kamar na kiran waya. Minti goma ba a yi ba, mutum uku suka fara magana a tare, sai dattijon malamin da muka gayyato ya tuɓe gilashin ya kira ni a waya. Ya ce, "Ɗana, ina ganin mutane a gabana, amma duk muryoyinsu a tsakiyar kaina suke. Ban san wa zan fuskanta ba."

Tun daga ranar na gane cewa a ɗakin da jama'a ke haɗuwa, kunne ne ke riƙe da zaman. Wanda zai gina irin wannan wuri, ko don aji, ko taron ofis, ko horar da ma'aikata, ko wasa, yakan fara da tambayar wace manhajar sauti ce ta fi. Wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce: a ina za a ɗora kowace murya a wurinta, a cikin na'urar mai sauraro ko a kan saba, wato babbar kwamfutar da kowa ke haɗuwa ta cikinta a intanet? Amsar wannan ce ke yanke kusan duk sauran.

Kafin a kwatanta, sai an san abin da kunne ke nema. Idan aka kira ka daga dama, sautin yakan riga isa kunnenka na dama, kuma ratar ba ta kai milisakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) ba ko da mai kiran yana daidai gefenka, wajen 0.6 zuwa 0.7 ne. Sannan kanka yana tare wa kunnen hagu wani ɓangare na sautin, musamman siraran amo. Lord Rayleigh ya bayyana waɗannan alamu biyu tun 1907. Amma su kaɗai ba sa gaya maka ko abu yana gaba ne ko baya, sama ko ƙasa. Wannan aikin lanƙwasar fatar kunne ne da kafaɗu, waɗanda ke sauya launin sauti gwargwadon inda ya fito. Ma'aunin wannan sauyi shi ake kira HRTF, kuma shi ne zuciyar duk wata manhajar sauti mai alƙibla. Matsalar ita ce kunnen kowa daban yake, alhali yawancin manhajoji da ma'aunin gama-gari suke aiki. Shahararren cikinsu an ɗauke shi ne daga kan wani mutum-mutumi mai suna KEMAR, wanda Bill Gardner da Keith Martin suka auna a MIT a 1994. Da kunnen aro, mutum kan ji na gabansa kamar yana bayansa. Abin da ke warware wannan ruɗu shi ne juya kai. Hans Wallach ya nuna haka a 1940: da zarar ka ɗan karkata kai, alamun suka sauya, ƙwaƙwalwa ta gane inda abin yake. Ka riƙe wannan, domin a kansa zan ɗora hukuncina.

Me ya sa abin ya fi tsanani a ɗakin jama'a fiye da wasan mutum ɗaya? Saboda abin da Colin Cherry ya yi nazari a 1953: yadda mutum ke iya bin magana ɗaya a cikin hayaniyar taro. Duk wanda ya taɓa yin ciniki a kasuwa ranar da ta ci ya san wannan baiwa, kana jin mai tumatir sarai alhali mutum goma na ihu kewaye da kai. Babban abin da ke taimaka maka shi ne muryoyin daga wurare daban-daban suke zuwa. Ka tattara su wuri guda, baiwar ta ragu ƙwarai. Abin da ya sami malamin nan ke nan.

Hanya ta farko ita ce a aiko wa kowa muryar kowane mai magana a ware, layi guda-guda, na'urarsa ta ɗora kowacce a bakin surar da ke wakiltar mai ita a cikin ɗakin. Saba a nan ɗan aike ne kawai: ya karɓa ya miƙa, bai taɓa sautin ba. Haka manhajar murya ta Photon Voice ke aiki, haka dandalin haɗuwa na Mozilla Hubs ya yi aiki, kuma yawancin ɗakunan VR da ka sani a kan wannan tsari suke. Alherinta a fili yake. Gilashin da ke kanka ne ya san inda ka juya, kuma idan hotonsa na sabuntawa sau 90 a daƙiƙa, duk bayan milisakan 11 yana da sabon labarin inda kanka yake. Ka juya hagu, muryar abokinka ta zauna daram inda yake. Ko da netwok ya yi nauyi maganarsa ta makara, inda take fitowa bai motsa ba. Kuma tunda kowace murya a hannunka take, kana iya rage ta wane, ka toshe ta wane, ka sa bango ya danne ta wanda ya shiga ɗaki na gaba.

Kuɗin wannan hanya data ne da ƙarfin na'ura. Kusan kowa yana matse murya da Opus, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, kuma yana aiki daga kilobit 6 zuwa 510 a daƙiƙa. Mu ce ka ba kowace murya kilobit 24, wanda ya ishi magana ta fita tas. A ɗakin mutum 20, idan kowa ya buɗe baki a tare, muryoyi 19 ne ke shigo maka, kilobit 456 ke nan, wato kimanin megabait 205 a awa, ban da nauyin fakiti. Wannan lissafi yana tsorata mutane fiye da kima, domin a zaman gaskiya mutum biyu zuwa huɗu ne ke magana a lokaci guda, kuma manhajar ba ta aika shiru. Amma akwai lokutan da kowa ke magana a tare, irin amsa sallama, ko cewa amin, ko tafi da dariya, kuma a nan ne tsarin ke nuna iyakarsa. A ɗakin mutum 80, wanda shi ne iyakar da dandalin haɗuwa na VRChat ke bari a zaure ɗaya, amin guda ta kusa megabit 1.9 a daƙiƙa, kuma gilashin da ke aiki da batir da ƙwaƙwalwa irin ta waya sai ya warware muryoyi 79 ya tace kowacce. Shi ya sa masu wannan hanya ke yanke adadi: mafi kusa da kai ko mafi ƙarfi kaɗai ake aiko maka.

Akwai ƙanwar wannan hanya, inda ba saba a tsakani, kowa ya haɗu da kowa kai tsaye. Mutum 10 haɗi 45 ne, kuma kowa zai tura muryarsa sau 9. Ta yi wa mutum uku ko huɗu, daga nan ka manta da ita.

Hanya ta biyu ita ce saba ya yi komai. Kowa ya tura masa muryarsa da inda yake tsaye da inda ya fuskanta, shi kuma ya dafa wa kowane mai sauraro nasa haɗin, kunnen hagu da na dama, ya aiko a layi ɗaya. High Fidelity, kamfanin Philip Rosedale wanda ya ƙirƙiro duniyar intanet ta Second Life, a kan wannan tsari ya gina duniyarsa. Daɗinta shi ne nauyin da ke kan mai sauraro ba ya ƙaruwa: ko mutum 5 ne ko 200, layi ɗaya yake karɓa. Idan ka sa shi a kilobit 64, kimanin megabait 29 ke nan a awa, kuma tsohuwar waya ma za ta ɗauka. Ga babban taro, irin lacca ko wasan kiɗa inda ake son jin gunaguni da tafin jama'a gaba ɗaya, babu abin da ya kama ƙafarta.

Tana da wata falala kuma da ba a cika faɗa ba, ta sirri. A hanya ta farko, idan mutum biyu suka koma lungu suna ƙus-ƙus, kuma na'urarka ce kawai ke rage muryarsu saboda nisa, to muryar ta riga ta iso wurinka cikakkiya. Wanda ya iya taɓa manhajar zai ɗaga ta ya ji komai. Idan saba ne ke haɗawa, abin da bai kamata ka ji ba bai ma baro can ba. Wanda zai gina wurin ganawar likita da mara lafiya, ko na sulhu, ko na jarrabawar baka, kada ya ɗauki wannan da wasa. Ko da hanya ta farko ya zaɓa, dole saba ya daina aika muryar da ta wuce iyakar ji, kada a bar wa na'ura.

To amma ga inda ta gaza, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya. Idan saba ne ya san inda za a sa murya, duk juyin kanka sai ya je can ya dawo kafin kunnenka ya ji sauyi. Haske a cikin igiyar intanet ta faiba yana tafiyar kilomita wajen 200,000 a daƙiƙa. Igiyar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal a ƙarƙashin teku tun 2010 tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa 14,000, wato milisakan 70 tun kafin a ƙara tafiyar Kano zuwa Legas, da Fotugal zuwa inda sabar take, da jinkirin hasumiyar waya, da lokacin matse sauti da ajiye shi ya daidaita. Ga hira zalla wannan ba bala'i ba ne, shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin da bai wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya ba yana da kyau ga yawancin magana. Amma juyin kai ba hira ba ce. Ka juya, hoto ya juya nan take, sauti kuma ya biyo kanka na ɗan lokaci sannan ya koma mazauninsa. Na gwada wannan da kaina da saba a Turai. Da na tsaya cak ina kallon gaba, komai ya yi kyau. Da na waiwaya don amsa wa wanda ke bayana, sai na ji duk ɗakin ya ja kamar an ɗaure shi da roba a ƙeyata. Ainihin abin da Wallach ya ce yana warware ruɗin gaba da baya, shi ne wannan hanya ke lalatawa. Ƙari a kan haka, saba mai dafa wa kowa nasa haɗin yana cin kuɗi, kuma kuɗin yana hawa da kowane sabon mai shiga.

Hanya ta uku sulhu ce tsakanin biyun, kuma tana tafiya a kan ambisonik, dabarar da Michael Gerzon da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Ingila cikin shekarun 1970. Maimakon a ce ga na kunnen hagu ga na dama, ana ajiye sautin da ke kewaye da wuri gaba ɗaya kamar ƙwallo. Mataki na farko layi 4 ne, na biyu 9, na uku 16, kuma gwargwadon hawan mataki gwargwadon kaifin alƙibla. Abin sha'awar shi ne juya wannan ƙwallo lissafi ne mai sauƙi. Saboda haka saba zai iya tattara muryoyin jama'a cikin ƙwallon da ya dace da inda kake tsaye, ya aiko, gilashinka kuma ya juya shi da kansa gwargwadon kanka. Tafiyar ƙafa, wadda ba ta da sauri, saba ya kula da ita. Juyin kai, mai sauri, ya zauna a gida. Opus ma ya sami ƙa'idar ɗaukar ambisonik a 2018. Aibinta shi ne mataki na farko dishi-dishi yake: za ka san magana daga hagu take, amma mutum biyu da ke zaune kusa da juna sai su narke su zama ɗaya. Mataki na uku kuwa layi 16 ne, ka koma gidan jiya wajen data. Kuma da wuya ka same ta a dafe; yawanci sai ka gina da hannunka. Ni a ganina wurinta shi ne jama'ar nesa: mutum shida ko takwas na kusa da kai a aiko su a ware, sauran taron a dunƙule su cikin ƙwallo.

Ambisonik yana da wani amfani da bai shafi murya ba, wato amon wuri: iska, tsuntsaye, hayaniyar titi daga nesa. Ɗauka ɗaya mai layi 4 ta isa, kowa ya kunna ta a na'urarsa, ba ta bin netwok. Sai dai ɗaukar da aka yi daga wuri guda tana bin juyawa ne kawai, ba ta bin tafiya, don haka kada ka sa a ciki abin da mutum zai iya takawa ya je kusa da shi.

Idan ka tsaya a kan hanya ta farko, sai a zo ga injin da zai ɗora muryoyin. Meta XR Audio SDK shi ne magajin Oculus Spatializer, yana shiga manhajojin gina wasa da sauti irin su Unity da Unreal da FMOD da Wwise, kuma an gina shi da gilashin Quest na kamfanin Meta a rai. Idan duk mutanenka Quest suke sawa, da shi zan fara ba tare da dogon tunani ba. Steam Audio na Valve ya fito a 2017 bayan sun sayi kamfanin Impulsonic, da shi aka yi wasan Half-Life: Alyx, kuma a Fabrairun 2024 aka buɗe lambobinsa, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ga kowa ƙarƙashin lasisin Apache 2.0. Ƙarfinsa a gini yake: yadda bango ke tare sauti, yadda wani ɓangare ke ratsa ƙofar katako, yadda murya ke zagayowa ta lungu, yadda zaure ke amsa-kuwwa. Yana kuma karɓar ma'aunin kunne na daban a tsarin SOFA. Idan wurinka ɗakuna ne da yawa, kamar asibitin horo ko masana'anta inda jin ƙarar inji ta bayan bango wani ɓangare ne na darasin, shi ne gwani. Amma lissafin amsa-kuwwa kai tsaye yana cin ƙwaƙwalwar na'ura. A gilashi mai batir gara ka lissafa amon ɗakunan tun kafin a shiga ka ajiye, ka bar alƙibla da tarewar bango kawai su yi aiki nan take.

Resonance Audio na Google ya fito a ƙarshen 2017, aka buɗe shi a 2018. Dabararsa ta dace da ɗakin jama'a ƙwarai: yana zuba duk sautuka cikin ƙwallon ambisonik guda a cikin na'urar, sannan ya tace shi sau ɗaya zuwa kunnuwa biyu, don haka ƙarin murya ba ya ƙara nauyi sosai. Ina ƙaunar tsarinsa, amma an daɗe ba a kula da shi yadda ya kamata, kuma ba zan ɗora sabon aiki mai dogon zango a kansa ba sai ina da wanda zai iya gyara shi idan ya karye.

Sai burauza. Tsarin sautin burauza, Web Audio, yana da wani sashe mai suna PannerNode, wanda ke da zaɓin HRTF a cikinsa, kuma da shi manhajar zane ta three.js ke sa sauti a wuri. Bai san bango ba, bai san amon ɗaki ba sai ka ƙara da kanka. Amma mutum zai shiga da mahaɗi kawai, ba sauke manhaja, kuma mai waya da iyafis zai zauna tare da mai gilashi. Inda gilashin VR ke da tsada, mutum ɗaya cikin goma ne zai mallake shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin lura kawai shi ne a kan me ka jingina: Microsoft ta rufe AltspaceVR a Maris 2023, Mozilla ta rufe Hubs a ƙarshen Mayun 2024. Masu Hubs sun tsira da wani abu domin lambobinsa a buɗe suke, ana iya ɗora shi a sabar kai.

Duk injin da ka ɗauka, abin da zai fi shafar mutanenka shi ne yadda ka saita raguwar murya da nisa. A fili, duk ninkin nisa yana rage desibel 6, don haka wanda ke mita 8 ya yi ƙasa da na mita 1 da desibel 18. Ka kwafi wannan yadda yake, na bayan aji ba zai ji malami ba. Ka sassauta da yawa, ƙungiyoyi biyu ba za su iya hira a ɗaki ɗaya ba. VRChat ya sa muryar mutum ta ɓace a mita 25 sai in mai ɗakin ya sauya. Mu abin da ya yi mana aiki shi ne doka biyu: muryar ɗalibai tana raguwa da sauri, ta malami kuwa ba ta raguwa amma tana riƙe alƙiblarta, yadda kowa zai ji shi sarai kuma ya san ta inda zai waiwaya. Mun ɓata yini biyu a kan wannan saiti kaɗai, kuma ya fi sauyin inji da muka yi daga baya tasiri.

Na'urar kunne ma tana da nata. Lasifikar da ke jikin maɗaurin Quest ba ta rufe kunne, tana da daɗin sawa, amma sautin na fita waje, makirufo na iya kama shi. Iyafis mai waya ya fi kaifin alƙibla kuma ba shi da jinkiri. Na Bluetooth na yau da kullum sau da yawa yana ƙara fiye da milisakan 100, wato ya dawo maka da ciwon hanya ta biyu ko da ka zaɓi ta farko. Ka duba kafin ka saya: Quest 2 da Quest 3 suna da ramin iyafis na milimita 3.5, Quest 3S ba shi da shi. Ma'aunin kunne na mutum shi kaɗai, irin wanda Apple ya kawo a iOS 16 ta hanyar ɗaukar hoton kunne, yana ƙara kyau, amma ba zan jinkirta aiki dominsa ba.

Akwai yanayi ɗaya da ke juya duk lissafin: idan masu gilashin a ɗaki ɗaya suke a zahiri. Mun taɓa tara ɗalibai shida a zaure guda, muka bar muryar manhaja a kunne. Wata ɗaliba ta ce "ina kwana", na kusa da ita ya ji ta da kunnensa, sannan ya sake jin ta a gilashi bayan ɗan lokaci, makirufonsa kuma ya kama ta ya sake turawa. Cikin daƙiƙa kaɗan zauren ya koma kamar rijiya. A irin wannan wuri ka kashe muryar manhaja tsakanin waɗanda ke tare, ka bar kunnuwa a buɗe, iska ta yi aikinta. Ka tabbatar surar kowa tana daidai inda jikinsa yake. Na nesa kaɗai za a ɗora wa murya, kuma sautukan duniyar, irin ƙararrawa ko faɗuwar kaya, kowace na'ura ta kunna nata a kan agogo ɗaya don kada su rarrabu.

Saboda haka idan aji ne ko taron da bai wuce mutum 20 ba, ka ɗauki hanya ta farko, ka sa saba ya yanke muryar da ta yi nisa, ka zaɓi Meta XR Audio in Quest ne, Steam Audio in bango da ɗakuna na da muhimmanci, burauza in yawancin mutanenka da waya za su shigo. Idan taron ɗaruruwa ne kuma masu waya sun fi yawa, waɗanda ba juyin kai ake bi musu ba, haɗin saba ya dace, kuma ka nemi saba mafi kusa da jama'arka. Idan ɗaruruwa ne masu gilashi, ka shirya gina ta ukun, ka ware mata lokaci da ma'aikaci.

Da muka koma hanya ta farko muka gyara nisa, mun sake gayyato malamin nan. Yana tsakiyar bayani wani ɗalibi daga bayansa ta hagu ya ce, "Malam, ina da tambaya." Bai tambayi ko wane ne ba. Ya juya kafaɗarsa ta hagu ya ce, "Ina jin ka."